Farautar Furen Teku da Tsinken Haske

A Amurka da Jamus da Birtaniya da Japan akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne su yanko ɗan yankin teku su ajiye a falo. Akwati ne na gilashi mai cin lita 200 ko 500, wani ma ya haura 1,000, cike da ruwan gishirin da mai shi ya haɗa da hannunsa: kimanin giram 35 na gishirin teku a kowace lita, a tsayar da ɗuminsa wajen digiri 25 zuwa 26, dare da rana, ko ana ƙanƙara a waje. A ciki ake jera duwatsu, a kan duwatsun a dasa murjani mai rai. Wanda ya saba ganin murjani a wuyan amarya zai ɗauka dutse ne. Ƙashin wasu ƙananan dabbobi ne da ke zaune jingim wuri guda, kowace da bakinta da 'yan hannuwanta, kuma danginsu ake kiwo a nan da ransu, kore da ja da ruwan hoda. Wani reshen da bai fi ɗan yatsa ba sai an yi watanni ana lallaɓa shi kafin a ga ya ƙaru. Kiwo ne na mai haƙuri, kuma na mai abin hannu. Yana da maƙiyiya guda wadda kusan duk mai akwati ya san sunanta: Aiptasia.

Wanda ya fara ganinta ba zai ce abar ƙi ba ce. 'Yar aba ce mai ruwan ƙasa-ƙasa, jikinta garai-garai har haske na ratsa shi, ga siraran hannuwa zagaye da baki suna rausaya cikin ruwa. Kamannin nan ne ya sa ake kiran danginta furannin teku, alhali dabbobi ne, 'yan uwan murjani na jini, sai dai su ba sa yin ƙashi. Ƙaramarsu ba ta wuce ƙwayar gero ba, babba takan kai tsawon ɗan yatsa. Gindinta wani faifan nama ne mai mannewa, kuma ba ta cika yarda ta kafa shi a fili ba. Rami take nema ko tsaga a jikin dutse, ta cusa gindin can ciki, ta miƙo wuya waje. Da ta ji motsi sai ta zuƙe ta shige, ka rantse babu komai a wurin. Masana yanzu suna kiran wadda aka fi samu Exaiptasia diaphana, amma masu kiwo sun riƙe tsohon sunan. Tana da wata ƙawa gajera mai kumburarrun hannuwa, majano, halinsu ɗaya. Mai akwati ba ya sayensu. A ɓoye suke zuwa, cikin ramin dutsen da aka ɗebo daga tekun Indonesiya ko Fiji, ko a ƙarƙashin ɗan reshen murjanin da aboki ya ba ka kyauta.

Laifinta na farko harbi ne. Hannuwanta cike suke da ƙwayoyin dafi, kowace ƙwaya da ɗan mashinta a naɗe, wanda ke fita da zarar an taɓa shi. In aka matsa mata kuma sai ta fitar da wasu fararen zaruruwa ta baki da ta gefen jiki, su ma duk dafi ne. Murjanin da ya yi maƙwabtaka da ita kullum cikin shan harbi yake: ya ƙi buɗewa, namansa ya riƙa ja da baya, farin ƙashi ya bayyana. Amma ainihin bala'in shi ne yadda take yaɗuwa. Aiptasia tana tafiya, a hankali ƙwarai, da jan gindi, kuma tana tafe tana barin 'yan guntayen nama a baya. Kowane guntu, ko da ƙyar ido ke ganinsa, ba ya daɗewa sai ya yi baki, ya fito da hannuwa, ya zama cikakkiyar dabba mai barin nata guntayen.

A nan ake gane rago, kuma rago iri biyu ne. Akwai wanda zai ga guda ɗaya ya ce ai ba komai, sai an samu hutu. Bayan 'yan watanni dutsensa ya yi gashi. Akwai kuma mai garaje, wanda shi ma ragon ne, don ƙyuyar tsayawa ya koyi halin abin ce ke tura shi. Ya ɗauko wuƙa ko buroshi ya kankare, ya ga wuri ya yi fes, ya wanke hannu. Bai san shuka ya yi ba. Guntayen da ya watsa, famfon da ke juya ruwan akwatin ya kwasa ya raba wa kowane lungu.

Tsohuwar hanya ita ce ta sirinji. A dama wani farin sinadari dangin farar ƙasa, wanda masu kiwo ke kira da sunansa na Jamusanci, Kalkwasser, ya yi kauri, a lallaɓa a ɗiga mata a baki. Ita kuma ta ɗauka abinci ne ta rungume, ya ƙone ta. Wasu ruwan lemon tsami suke ɗura mata, wasu ruwan khal, wasu tafasasshen ruwa, ga kuma na kanti irin su Aiptasia-X. Duk suna aiki daidai gwargwado. Matsalarsu dole hannu ya shiga ruwa, ita kuwa takan ji motsi tun bakin sirinjin bai iso ba. Sannan abin da aka zuba a akwati ya zauna ke nan. In ya yi yawa ya jirkita ruwan, murjani ya ji a jikinsa. Haske ne kaɗai zai ratsa gilashi ya tarar da ita a buɗe bai motsa ko ɗigon ruwa ba.

Hasken tocila a warwatse yake fita, launuka a cakuɗe, kowane ya kama gabansa. Na leza launi guda ne kuma a jere yake tafiya, shi ya sa ake iya tattara shi kaf a ɗigo ɗaya. Theodore Maiman ne ya fara kunna leza a 1960, a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu a Kalifoniya, da sandar yakutu mai jan haske. Shuɗiya 'yar ƙarama ta jima ba ta samu ba. Sai a tsakiyar shekarun 1990 Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan ya fitar da ƙwayar leza mai ruwan shuɗi-shuɗi. Shi ne ya raba kyautar Nobel ta 2014 da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a kan ƙwan fitila mai shuɗin haske. Abin da ya kawo ta hannun gama-gari kuwa ba shirya shi aka yi ba. A 2010 kamfanin Casio ya fito da majigi mai aiki da jerin ƙwayoyin shuɗiyar leza a madadin ƙwan fitila. Masu ƙere-ƙere a gareji suka riƙa sayen majigin suna farkewa, suna cire ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, kowace da ƙarfin da ya kai wat guda, suna sakawa a gangar tocila. Ba a daɗe ba masu kiwon murjani suka hango abin da za ta yi musu.

Dacen da aka yi shi ne launin. Tsawon zangon wannan haske nanomita 445 ne. Nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, kuma da shi ake auna launin haske. Ruwa yana shanye jan haske da wuri, amma shuɗi wucewa yake kusan bai rage komai ba, dalilin ke nan da teku mai zurfi take shuɗiya. To ga haske wanda ruwa ba ya tarewa. Sai kuma jikin dabbar. Ruwan ƙasa-ƙasan nan ba nata ba ne. Wasu ƙananan gansakuka ne masu ƙwaya ɗaya-ɗaya, waɗanda ba a gani sai da madubin likita, suke zaune cikin namanta, suna sarrafa haske su ba ta abinci, ita kuma ta ba su masauki. Sana'arsu ke nan shan haske, kuma shuɗi na cikin wanda suka fi sha. Saboda haka tsinken hasken ya ratsa gilashi lafiya, ya ratsa ruwa lafiya, yana isowa jikinta baƙin da ta saukar su cafke shi, ya koma zafi. Gwani ya san abin da ke biye da wannan: wadda ta girma a duhu, cikin bututu ko bayan dutse, takan yi fari don ba ta da gansakukan, kuma ta fi wuyar ƙonewa, sai an daɗe a kanta.

Kafin a zo kan harbi sai an tsaya a kan ido, don rabin gwanintar a nan take. 'Yar lezar nuni da malami ke haska allo da ita, dokar Amurka ta tsayar da ita a miliwat 5. A Ostiraliya ma ba a shigo da wadda ta wuce miliwat 1 sai da izini. Duk wadda ta haura miliwat 500 ta shiga aji na 4, ajin ƙarshe, mai ƙona fata da tayar da gobara. Ta farautar Aiptasia kuwa daga wajen miliwat 1,000 take farawa, wasu 2,000, wasu 5,000. Ƙwayar idon mutum ita kanta gilashin tattara haske ce: abin da ya shiga sai ta dunƙule shi a ɗigo kan tantanin gani da ke can ƙuryar ido. Yaron da ya taɓa tara hasken rana da gilashin ƙara girma ya huda takarda ya san abin da ke faruwa, sai dai a nan ganinka ne takardar. Ƙiftawar ido tana cin kusan rubu'in daƙiƙa. Wannan haske ya gama ɓarnarsa tun fatar ido ba ta sauko ba, kuma inda ya ƙone a tantanin ba ya tsirowa.

Ba ma sai tsinken ya faɗo ido kai tsaye ba. Duk inda haske ya bugi gilashi daga iska, kusan kashi 4 cikin 100 yana dawowa. Yi lissafi: kashi 4 na miliwat 2,000 ya kama miliwat 80, wato ninki 16 na abin da doka ta yarje wa lezar nuni, yana yawo a ɗaki. Mai sakaci a nan shi ne wanda zai je neman gira ya rasa ido. Tabarau ɗin aikin na musamman ne, mai ruwan lemo ko ja, kuma a jikinsa an rubuta abu biyu da gwani ke karantawa kafin ya biya kuɗi: zangon hasken da yake tarewa, a tabbata 445 na ciki, da lambar ƙarfin tariya, wadda ake rubutawa OD. Kowace lamba ninki goma ce: OD 4 yana rage haske sau 10,000, OD 6 sau miliyan. Tabarau na rana ba ya cikin lissafi, illa ma yake ƙarawa, don duhunsa na sa ƙwayar ido ta daɗa buɗewa. Wanda aka yi don jar leza kuwa, shuɗi ratsa shi yake ya wuce.

Da ɗaki ake fara aikin, akwati ya jira. A fitar da yara, a fitar da kyanwa, a sa sakata. A sauke labule, don tsinken da ya kuɓuce ta taga yana iya samun idon wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A cire agogo da zobe. A zagaya a duba madubi da fuskar talabijin da duk wani abu mai ƙyalli, a juya shi ko a rufe. Sannan a leƙa bayan akwatin a tambayi kai: in an kuskure dabbar, ina hasken zai je? In bayan gilashi ne fili, a tare da wani abu mara ƙyalli wanda ba ya cin wuta. Duk wanda ya nace sai ya kalla, shi ma da nasa tabarau.

Sai a koma kan akwati. A goge gilashin ciki da waje har ya yi tas, musamman daidai inda haske zai bi. Ɗigon gansakuka ko busasshen gishiri zai tare tsinken ya sha zafin a nan, gilashi ya ɗauki ɗumi a wuri guda, abin da ba a so. In akwatin na roba ne mai kama da gilashi abin ya fi muni, don yana iya yin tabo. Wannan ne ma ya sa ba a harbin wadda ta manne a jikin gilashin kansa. Daga nan a kashe famfuna duka, a zauna a jira ruwa ya kwanta. Kashe famfon nan ƙaramin abu ne a ido, amma dubi abin da yake yi. Hannuwan dabbar sun daina rausaya, ta tsaya wuri guda. Ƙurar da ke yawo a ruwa tana watsa haske ta sauka. Guntun da ya ɓalle zai faɗi nan kusa inda za a tsince shi. Babban dalilin kuwa, ruwa mai gudu kwashe zafi yake. Kana dafawa yana hucewa, sai ka ƙare batir kana yi mata ɗumi kawai.

Akwai kuma abin da sabon shiga ba ya sani sai ya saka tabarau: fitilun akwatin murjani yawancinsu shuɗi ne, tabarau ɗin kuwa aikinsa hana shuɗi, sai ya ga akwati ya yi duhu ɗif. Gwani tun farko ya mai da fitilun fari. Kifaye ma sai an yi shirinsu. Ba su da fatar ido, ga su da son bin duk abin da ya yi ƙyalli. Wasu sukan ba su abinci a can ɗaya gefen, wasu su tsaga akwatin da ɗan shinge na wucin gadi. Duk da haka yatsa ba ya barin makunni, ido ɗaya na kan dabbar ɗaya na gefe. Da inuwar kifi ta gilma, a kashe.

A bakin lezar akwai ɗan zobe da ake murzawa, mai matso da gilashin tattarawa gaba ko baya. Da shi ake zaɓen inda hasken zai tsuke ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, kuma a wannan ɗigon kaɗai zafin ya isa ya dafa nama. Ɗan gaba da shi ko ɗan baya, haske ne kawai. Wanda ya daidaita zoben a bangon ɗaki ya zo akwati zai sha mamaki, don haske yana lanƙwasa in ya shiga ruwa, ɗigon ya matsa gaba da inda yake faɗawa a iska. Saboda haka gwani yakan nemi tsiraran dutse mai nisa daidai da na dabbar, ya kunna ya kashe, ya murza, ya sake, har ya ga ɗigon ya tsuke. Yakan kafa gwiwar hannu a kan kujera ko ya ɗaure lezar a jikin ƙafar kyamara, don rawar hannu ta kaurin gashi a nan babbar kuskure ce a can. Ba ya saitawa cak a miƙe, don abin da gilashi ya mayar zai dawo masa a fuska; yakan ɗan karkata yadda zai faɗi ƙasa. Ba ya kuma karkatawa sosai, don gilashin zai mayar da kaso mai yawa, ɗigon kuma ya baje. Yana sane da inda baƙin dankon da ya haɗa gilasan yake, da wayoyin na'urar ɗumama ruwa, da baƙar robar magudana, don baƙin abu shan haske yake ya narke. Kuma ba ya ɗaga bakin lezar sama: fuskar ruwa daga ƙasa madubi ce, in tsinke ya same ta a kwance sai ta mayar da shi cikin akwati ta inda ba a zata ba.

Duk wannan kafin a taɓa dabbar. Shi harbin kansa ya dogara ne ga wani sani da aka tara tun kwanaki kafin nan: ina gindinta yake? Gwani ya lura da yadda wuyanta ya karkata, ya ga ramin da take shigewa in an firgita ta, ya zagaya ya gano ta wane gefen gilashi ne ake hango cikin ramin sosai. Daga can zai tsaya.

Ya ɗora ɗigon a tsakiyar baki. Ta cikin tabarau ba a ganin tsinken da ƙarfinsa, sai wani ɗan tabo mai dishi-dishi. Daƙiƙa ɗaya, biyu, sai wurin ya yi fari. Hannuwa su nannaɗe, fararen zaruruwan nan su fito. Ana iya jin ɗan ƙara ta cikin gilashi, ƙas-ƙas-ƙas, ruwan da ke cikin naman ne ke tafasa a wuri mai faɗin kan allura, 'yan kumfa suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Sai ta zuƙe ta faɗa rami. Sabon shiga a nan yake kashe leza ya yi murmushi, alhali yanzu aiki ya fara. Abin da ya ƙone baki ne da hannuwa, waɗanda take iya sakewa cikin 'yan kwanaki. Gindin, wanda shi ne irin, yana nan daram. Gwani bin ta yake. Ya ɗan matso da hannu don ɗigon ya nutsa tare da ita, ya riƙa zana ƙananan da'ira daga tsakiya zuwa gefe, ya dafa dunƙulen ya zama fari fat ya daina motsi, sannan ya bi leɓen ramin inda guntayen gindi kan maƙale. Ƙarama takan ƙare cikin 'yan daƙiƙu. Babba sai an yi zagaye da yawa, don ita lezar ma tana zafi a hannu. Ƙwayarta lalacewa take in ba a bar ta ta huce ba, shi ya sa ake yi ana hutawa. Hutun ba ɓata lokaci ba ne. A cikinsa ne ake ganin ko wani abu ya sake motsi a ramin.

Da an gama sai a sa siririn tiyo a zuƙe dafaffen naman, a zubar. A sabunta gawayin tace ruwa don ya kama dafin da ya fita. A kunna famfuna. A cire batiran lezar, a kulle ta inda hannun yaro ba ya kai. Wanda dutsensa ya cika da su ba ya gamawa a rana ɗaya, ko da hannunsa bai gaji ba, don mataccen nama mai yawa ruɓewa zai yi ya ɓata ruwan da ake son ceta. Kaɗan-kaɗan ake yi. Masu tsari sukan ɗauki hoton dutsen su yi alama a duk ramin da suka harba, su dawo bayan kwanaki su duba ɗaya bayan ɗaya, da rana da kuma da dare da ƙaramar tocila. Sau da yawa sai a tarar da wata 'yar fara mai hannuwa uku ko huɗu ta leƙo. A sake.

Sanin abin da ba a harba shi ma gwaninta ne. Akwai wasu murjanai masu laushi da ke shimfiɗuwa a kan dutse, dangin Palythoa, waɗanda wasunsu ke ɗauke da dafin palitoksin, ɗaya daga cikin mafi munin dafin da aka sani. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a kan mutanen da ake zaton sun shaƙe shi a kantuna da gidaje a jihar Alaska tsakanin 2012 da 2014, suka kamu da zazzaɓi da tari da ƙuncin numfashi. Zafi da kankara su ne ke tayar da shi. Aiptasia kuwa ta iya zaɓen maɓoya, takan tsiro a tsakiyar irin wannan shimfiɗa. Wanda ya san abin da yake kiwo ajiye leza yake a nan, ya nemi wata dabara.

Tsakanin masu kiwo har yau ana gardama. Wasu sun rantse leza ta share musu akwati, wasu sun ce ita ta cika musu shi. Ni a ganina duka biyun gaskiya suke faɗa, hannu ne ya bambanta: ƙonawar rabi da rabi ba ta da maraba da kankara da wuƙa. Amma akwai iyaka wadda gwaninta ba ta ƙetarewa. Haske a miƙe yake tafiya, abin da ido bai gani ba leza ba ta kai masa. Ta bayan dutse, ta cikin bututu, ta cikin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashi, duk suna can suna aiko da 'ya'ya. A Norway kamfanin Stingray Marine Solutions ya haɗa leza da kyamara da kwamfuta a kejin kifin salmon, na'urar ta gane ƙwarƙwatar kifi ta harbe ta kifin na cikin iyo. Ita ma abin da kyamara ta hango kaɗai take kashewa.

Don waɗancan na ɓoye sai a ɗauki 'yan ƙwadago masu rai. Akwai wani jatan lande mai jan zane-zane na dangin Lysmata mai cin ƙananan, in ya ga dama. Akwai kifi mai dogon baki da ratsin jan ƙarfe, Chelmon rostratus, gwanin zaƙulo ta daga rami, sai dai yana da wuyar sha'ani wajen abinci, da yawa ba sa daɗewa a akwati. Wanda ya fi ban mamaki wani ɗan dodon koɗi ne mara kwanso, Berghia stephanieae, wanda masani Ángel Valdés ya bayyana a 2005 daga tsibiran kudancin Fulorida. Bai wuce santimita 2 ko 3 ba, da dare yake fita, kuma ba ya cin komai a duniya sai Aiptasia. Yana shiga ramin da tsinken haske bai isa ba ya cinye ta har gindi. Aikinsa na watanni ne, sai ya yi ƙwai ya hayayyafa tukuna, kuma ranar da ya gama yunwa ce za ta kashe shi, shi ya sa masu kiwo ke tsince shi su miƙa wa na gaba mai irin matsalar. Shi ma sai da sani: wasu kifaye cinye shi suke, har jatan landen da aka kawo don aiki ɗaya da shi.

Abin dariya, Aiptasia ɗin nan da ake kashe kuɗi ana ƙonawa, wasu kiwonta suke da gangan. Taurin ranta da saurin yaɗuwarta, da yadda take iya rayuwa da gansakukanta ko babu su, sun mai da ita dabbar gwaji ga masu binciken abin da ke sa murjanin teku yin fari ya mutu in ruwa ya yi zafi. A 2015 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, da ke Thuwal a gaɓar Bahar Maliya arewa da Jidda, suka wallafa jerin ƙwayoyin halittarta.

Waɗanda suka fi daɗewa a wannan kiwo su ne suka fi ƙarancin ɗauko leza, don aikinsu a bakin ƙofa suke yi. Sabon reshen murjani yakan zo ne a manne a kan ɗan tubali. Sai su yanke shi daga tubalin, su jefar da tsohon, su manna shi a kan sabo. Su sa shi a wani ƙaramin akwati na dabam, ya yi makonni a can, kullum ana juya shi ana duba ƙarƙashinsa da gilashin ƙara girma, don magungunan da ake tsoma murjani a ciki a kashe ƙwari ba su cika yi wa Aiptasia komai ba. In aka ga ɗaya a kan dutsen da za a iya ɗagawa, sai a fito da shi waje gaba ɗaya, a sa cizal da guduma a ɓalle wurin da gindin yake har da ɗan gefensa, a ɗauraye dutsen a bokiti na dabam, ruwan bokitin kuma a zubar, ba ya komawa akwati.